Minti na Goma Sha Ɗaya

An ce a rufin gidan wani tsohon mai haɗa sauti
aka tsinci zaren, cikin kwalin takalmi,
shekara hamsin yana kwance da danshi da yanar gizo.
Yau ga shi a hannuna, faifai biyu,
ɗan aike ya ajiye a bakin ƙofa cikin yayyafin Swansea,
ruwan nan da ba ya zuba, ba ya ɗaukewa.

Na rufe taga. Na sauke tukunyar shayi.
Na ce wa Nerys, ko gidan na ci da wuta kada a kira ni.

Farkonsa ba kiɗa ba ne.
Kujeru na kuka, wani na roƙon ashana,
wayar lantarki na gurnani kamar kare cikin barci.
Sai mai ogan ya ɗora yatsa ɗaya,
ɗaya tak, ya danne,
har sai da zauren ya haɗiye yawu.

Samari biyar ne, gashi har kafaɗa,
ba wanda ya koya musu yanke hanya.
Waƙa ɗaya, minti ashirin da uku!
Ta yi tafiya, ta tsaya ɗaurin takalmi,
ta koma baya neman abin da ta yar,
mai ganga na ƙirga bakwai inda duniya ke ƙirga huɗu.
A nan ƙafata ta yi tuntuɓe ina ɗan sha tara,
yau ma ta yi, a daidai wurin,
ga gwiwar ta tsufa amma ba ta yi wayo ba.

Tsirkiyar jita ta tsinke a tsakiya.
Ana jin ta, fat, da tsakin mai ita.
Mai babbar jita ya yi ta zagaye wuri ɗaya
kamar mai jiran aboki a tasha,
har aka ɗaura sabuwa.
Duk wanda ya gyara faifan nan bai goge wannan ba,
Allah ya yi wa hannunsa albarka.
Na gaji da kiɗan da aka wanke aka yi wa guga.

Sai minti na goma sha ɗaya.
Komai ya lafa, sarewa kaɗai ta rage,
siririya, tana taka iska a hankali,
mutum dubu sun riƙe numfashi.
Sai tari.
Uku a jere, na ƙarshen da ɗan shaƙewa.

Idwal ne.
Daga masana'antar ƙarfe ta Port Talbot ya taho kai tsaye,
baƙin hayaƙi a kunne, ko wanka bai yi ba,
ni na saya masa tikiti da kuɗin mako guda.
Na zungure shi da gwiwar hannu.
A motar ƙarshe ban ce masa uffan ba,
wai ya ɓata min wurin da na fi so.
Ya miƙo min dankalinsa, na kau da kai.

Tarin nan bai bar shi ba.
Shekara tara ke nan da muka rufe shi a kan tudu,
ba ni da muryarsa ko a waya,
hoto biyu ne, a ɗaya ma ya rufe ido.

Masana za su rubuta cewa daren nan
mai sarewa ya kai inda bai sake kaiwa ba.
Gaskiya ne, na ji.
Amma na mayar da allura baya sau shida
ba don shi ba.

Nerys ta turo ƙofa duk da na hana,
tsumman goge kwano a kafaɗarta.
Ta tsaya. Sarewa ta hau. Tari uku.
Ta ce, kai, wannan ai Idwal ne.
Ta zauna a hannun kujera,
ta ce, sake sa shi.
Saura minti goma sha biyu a waƙar,
har yanzu ba mu kai ga tafin ba.